Baba, Ba Mu Sallami Lamidi Ba

Assalamu alaikum Baba, gaisuwa mai yawa da ladabi daga ɗanka da ka bari a Agege.

Shekara biyu ke nan da rasuwarka, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a rai.

Ka tuna labarin da kake ba mu? Ka sauko daga jirgin ƙasa da kayan gininka, ka gina wa wani falke ɗakin ajiyar goro kusa da tasha. Ka yi masa rufin soro na ƙasa irin na Kano, kana ta taƙama. Ruwan Ikko ya yi kwana uku yana zuba, rufin ya rufta a kan goron mutane.

Kowa ya yi maka dariya, ban da Lamidi kafinta, Bayaraben da ke maƙwabtaka da kai. Shi ya zo da katako da kwano ya ɗora maka rufi mai gangara. Kullum in ya ambace ka sai ya ce, “Audu ya yi bango, ni na sa masa hula.”

Daga nan kuka haɗu. Ɗakunan goro, shaguna, masallacin unguwa, sai ga mu yau da magina ashirin da kwangilar bene a Ikeja.

To Baba, Lamidi ya tsufa. Hannunsa na rawa, watan jiya ya gajarta katako har shida. 'Yan'uwana, Yaya Sani da Garba, suka ce a sallame shi, wai aikin na gida ne, shi kuwa ba jininmu ba ne. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce idan ya tafi, ni ma na tafi. Mun yi kwana huɗu ba ma ga maciji, sannan suka sauko. Yanzu ba ya riƙe zarto, kujera muka ba shi, amma ba a buga kwano sai ya ɗaga kai ya ce ya yi.

Ranar Juma'a na je kabarinka bayan an ɗauke ruwa. Na tarar da Lamidi a durƙushe da fartanya, yana yi wa ruwa hanya don kada ya kwanta a kanka. Da ya gan ni sai ya share ido ya ce, “Babanka har yanzu bai san ruwan Ikko ba.”

Na yi kuka, Baba. Ina kewarka.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka a inuwar da ba ta yoyo.

Ɗanka,
Sallau