Kwalbar da Baba Ya Binne a Gona

Yaya Aminu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau, gero ya fara fitar da kai.

Raina a ɓace yake. Tun da ciwon dajin hanji ya yi ajalin Baffa Isa, likita ya ce a duba Baba. Da ya ji kyamara za a zura masa ta dubura, ya ce shi da girmansa, sam. Likitan ya ce to a fara da gwajin bayan gida: a ɗebo kaɗan a 'yar kwalba a duba ko akwai jini, in an gani sai a yi na kyamarar.

Har Baba ya yarda, sai abokansa na bakin masallaci suka ce wa ke miƙa wa baƙo bayan gidansa, ai da shi ake sammu. A gonar gyaɗa ya binne kwalbar. Su ne fa suka ɗauki makarar Baffa.

Ka kira shi, maganarka yake ji. Na karɓo wata kwalbar, tana ɗakina.

Ka gaida kowa, ku sa Baba a addu'a.

Ƙanwarka,
Hadiza