Gahawa a Turmin Barkono

Zuwa ga angona,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin nan naka da ba ya ƙarewa. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwa da ke ba ni labarin hadari tun kafin ya haɗu. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san kakarka aji huɗu ta yi, sauran karatun a bakin murhu ta ƙarasa.

Abokin takararka, kakanka, ya dawo daga asibiti yau kwana tara. Likita ya ce aikin ƙugun ya yi kyau. Amma mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana tuƙa babbar mota, yanzu daga gado zuwa ƙofar ɗaki ya gagare shi. Ba ƙafar ce ta ƙi ba, zuciyar ce. Mai gashin ƙashi ta zo sau uku, kullum sai ya ce mata ta gaida mutanen gida, ya juya wa bango fuska. Sandar nan mai ƙafa huɗu da aka ba shi, tawul nake shanyawa a kanta.

Yanzu ka saurara, wannan ba wasa nake maka ba. Likita ya ce in nan da sati biyu bai fara takawa ba, za a mayar da shi asibiti. Shi kuma ya ce in aka mayar da shi, kada mu sa ran dawowarsa. Ya faɗa a hankali, ba cikin faɗa ba, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

An yarda ya sha gahawa kofi ɗaya da safe, sai na ce bari in jawo shi da ita. To ka san tun da muke bai taɓa bari na taɓa kayan gahawarsa ba, kamar wasu kayan gado. Na zuba garin a tukunya na bar shi ya tafasa sosai, yadda nake wa shayi. Ya shinshina, ya ce ruwan lagireto ya fi wannan, ya ture kofin. Kai kaɗai ya koya wa sirrin, don haka ka rubuto mini dalla-dalla, da manyan baƙi.

Taka har kullum,
Kakarka, amaryarka ta fari

*

Zuwa ga angona,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na gode, ko da yake rubutunka kamar kaza ta bi ta kan tawada. Yaya murar da ka ce kana yi?

Na bi duk abin da ka ce. Na bar tsohon garin, na buɗe ƙwayar gahawar da ka aiko. Cokali biyu ga kofi guda. In ruwa ya tafasa a sauke, a ƙirga sittin kafin a zuba. A jiƙa takardar tacewa tukuna. A fara ɗiga ruwa kaɗan a jira garin ya kumbura, sannan a zuba sauran a hankali ana zagayawa. Sai ka ce ana wa jariri wanka!

Wuri ɗaya na kauce. Injin niƙansa na hannu, na juya, na juya, wuyan hannuna ya ce bai san zancen ba. Sai idona ya faɗa kan ɗan turmina. Na ce da tsohuwar zuma ake magani. Na goge shi da tsumma, na daka ƙwayar lukui. Ban tuna ba cewa shekaranjiya barkono na daka a ciki.

Na kai masa da fara'ata. Ya kurɓa sau ɗaya. Angona, da ka ga idonsa! Tari, atishawa, hawaye shaɓe-shaɓe. Da ya samu numfashi ya tambaye ni a ina na niƙa, na gaya masa gaskiya. Ya sake tambaya wace ƙwaya ce, na ce wadda ka aiko. Ya ce saura nawa? Na ce da yawa, gobe ma zan daka.

Na koma kicin ina wanke-wanke, sai na ji ƙwas, ja, ƙwas, ja, a baranda. Na leƙa. Ga kakanka riƙe da sandar, gumi har gemu, yana tafe yana mita, wai kafin in ƙarasa kashe masa ƙwaya gara ya mutu a hanya. Taku goma sha bakwai ne daga gadonsa zuwa kicin, na ƙirga. Ban taya shi ba, don na san in na miƙa hannu zai koma. Na dai tura masa kujera da ƙafa, na juya baya ina ta dirzar tukunyar da na riga na wanke, kada ya ga fuskata.

Ya zauna ya niƙa da kansa, yana mini karatu: garin ya zama kamar yashi, ba kamar kwalli ba. Na ce to, malam. Ƙamshi ya cika gidan har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Ya shanye, ya ce ko akwai burodi.

Ka ci gaba da addu'a, saura kwana biyar mu koma wurin likita.

Kakarka mai turmi

*

Zuwa ga angona,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka albishir. Ka ba ni tukuici in ka zo.

Jiya muka je. Daga inda mota ta sauke mu har ɗakin likita da ƙafarsa ya shiga, yana korar mai keken marasa lafiya kamar kuda. Likita ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙe ta, ya rufe fayil ya ce sai bayan wata uku. Babu kwanciya. Na fito na zauna a benci, sai shi ne ya tsaya a kaina yana cewa in tashi mana, tsohuwa, kina ɓata mana lokaci. Ka ji mutum!

Yanzu ga wani sirri, in ka fasa shi na sake ka. Na iya gahawar nan. Wallahi na iya. Ranar da ya yi barcin rana na haɗa wa kaina, na sa wa injin mai har hannunsa ya saki, ta fito sumul, ko ɗaci babu. Amma kullum da safe sai in ɗauko turmi in buga taɓarya sau biyu, ƙwal, ƙwal, ba komai a ciki. Kafin in buga na uku zan ji shi ya taso yana kiran sunan Allah da nawa.

Ina zargin ya gane. Yau da ya iso ya leƙa turmin, ya ga wayam, ya dube ni, na dube shi. Ya jawo kujerarsa, ya ce in miƙo kofi biyu. Shekara hamsin da ɗaya da aurenmu, yau ne ya fara haɗa mini da hannunsa. Ta yi ɗaci kaɗan, hannun nasa bai gama dawowa ba. Na shanye tas, na ce ban taɓa shan irinta ba.

Ka aiko da wata ƙwayar, yanzu mu biyu ne.

Taka,
Kakarka