Mangwaron da Lado Ya Nuna

Agege, Legas
Alhamis, da hantsi

Zuwa ga ƙanwata Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, Allah ya ƙara muku rufin asiri. Ni dai yau da sauƙi. Tarin ya lafa, amma gwiwoyin nan sun ƙi, salla ma a zaune nake yi. Tun da maiɗakina Uwa ta rasu ɗakin ya yi mini girma, daga ni sai rediyo. Ɗanki Abdulgani yana lafiya, yakan leƙo ni ran Lahadi, matarsa kuma ta kusa sauka.

Kin tambaya ko gaskiya ne kamfanin bokitin roba da yake wa aiki zai tashi daga Ogba. Ga yadda abin yake. Wurin ya yi musu kaɗan, mai kamfanin yana son komawa wajen Ibadan, in kuwa ya tafi, mutum kusan ɗari biyu na unguwar nan za su zauna, har da ɗanki. Shi ne manyan unguwa suka roƙe shi ya karɓi kangon tsohon kamfaninmu na batir, inda na yi shekara ashirin da takwas ina heluma, leburori duk a ƙarƙashina. Ya yarda, da sharaɗin a kwashe gubar dalma da ke cikin ƙasar kafin damina ta sauka. In aka wuce haka, ya tafi.

To, da aka tashi neman dattijon da zai nuna wa injiniyoyi inda aka binne gangunan dagwalo, wa kike zaton aka ɗauka? Lado. Ladon da ya zo mini daga tasha da ƙunshinsa a ka, na koya masa riƙon shebur. Yanzu Baba Kamfani ake ce masa. Sun ba shi farar hular kwano, mota tana zuwa har ƙofar gida ta ɗauke shi. Ran Juma'a da hular ya shigo masallaci a hannu, wai mantawa ya yi bai ajiye ba. Wa yake manta hular kwano a hannunsa? Ni kuwa, wai ba na iya tafiya. Ai ba da ƙafa ake tuna abu ba.

Abdulgani ya ba ni labari cewa Lado ya kai su gindin mangwaron bakin ƙofa, ya ce nan ne. Suka haƙa kwana uku, ba su tarar da abin kirki ba, kowa yana murna wai gubar ba ta da yawa. Har sun tsara a gina ɗakin cin abinci da rijiyar burtsatse a kusurwar gabas. Da na ji haka sai da na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Gaskiya ne, kowane ma'aikaci gindin mangwaro yake kiran ramin. Amma mangwaron biyu ne. Na fari yana jikin katangar gabas, a nan muka binne ganguna sittin da wani abu, shekara na zagayowa ya bushe tun daga saiwa aka sare shi. Na bakin ƙofa ni na dasa shi da hannuna don mu sami inuwar salla. Lado ya zo bayan an sare na farin. Sunan ya gada, bai gaji wurin ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ƙanwata. Kwana goma sha takwas na yi shiru, ko ɗanki ban gaya wa ba. So nake su zo haƙa su ci karo da gangunan, in ga inda Lado zai sa hularsa. Na san in aka gano a makare damina za ta riske su, mai kamfani ya tattara ya tafi. Na sani, na kuma yi shiru. Sai ran Lahadin nan Abdulgani yake ce mini, da murnarsa, in aka haƙa rijiyar zai riƙa kawo wa mai jego ruwa a jarka, su huta da 'yan garuwa. Rijiyar kuwa daidai kan gangunan za a haƙa ta.

Na aike shi ya ce wa Lado ya zo yau da safe, akwai magana. Kada ki yaba mini. Da na ga dama da injiniyoyin zan aika wa, amma so nake ya zauna a tabarmata ya tambaye ni, ko sau ɗaya, kamar da. Amsar da ya bayar wai zai duba, yana da mitin.

Ki gaishe da Malam Sadisu, da Radiyya da yaranta, da Mastura in ta zo gida. Ki sa ni a addu'a, Allah ya wanke mini zuciya kafin a wanke ƙasar. Direban motar shanu zai kawo miki wannan.

Yayanki,
Auwalu Heluma

Na ƙara da wannan bayan la'asar. Ran Litinin za a fara haƙa rijiyar, don haka gobe zan hau keke marwa, mai ƙafa ukun nan, in je kangon da sandata, kututturen mangwaron farko yana nan ƙarƙashin shara, in da rarrafe ne zan gano shi. Na shimfiɗa tabarma tun safe, na ajiye goro biyu, duk motar da ta tsaya sai na leƙa. Lado bai zo ba.