Kanofi da Janareto a Gidan Taurari

Greensboro, Amurka, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Mama da dukan mutanen Zonkwa. Yaya ƙafar taka? Ni da ɗalibaina muna nan kalau, godiya ga Ubangiji.

Baba, ka tuna Fada Bernard, tsohon da nake ba ka labarinsa, shugaban cibiyar duban taurari ta Katolika da ke bayan garin Pleasant Garden? Zai yi ritaya ƙarshen watan nan, bayan shekara talatin da ɗaya. Shi ne ya buɗe wa yara ƙofa duk maraicen Juma'a, su zo su leƙa sama da babban madubin hangen nesa. Ni da yara bakwai na fara zuwa. Yanzu sun haura arba'in, rabinsu 'ya'yan 'yan Nijar ne da iyayensu ke aiki a shagunan titin Wendover.

Wadda za ta gaje shi ita ce Sista Rachael, mai digirin digirgir, ba ta da fara'a sosai. Ta riga ta gaya wa kwamiti cewa cibiyar wurin bincike ce, hasken motoci da wayoyin baƙi na ɓata mata awo, don haka za ta rufe maraicen yara. Na roƙi Fada ya sa baki. Ya ce wanda ya sauka daga kujera ba ya ɗaure hannun mai hawa. Raina ya ɓaci, ban ɓoye masa ba.

Iyayen yara sun shirya masa liyafar ban kwana a cibiyar, Sista ma za ta zo. Alhaji Soumaïla, shugaban 'yan Nijar, ya ce in bar masa komai. Ka sa mu a addu'a.

'Yarka,
Yemima

Greensboro, 29 ga Oktoba

Babana,

Ina gaishe ka da Mama. Na ji an gama girbin gyaɗa, Allah ya sa albarka. Ka gyara zama, labari ne da ni.

Ranar liyafar na isa cibiyar bayan faɗuwar rana, na ɗauka ɓatan hanya na yi. Alhaji ya kafa kanofi uku, ya zagaye ginin madubin da fitilu masu launi irin na biki, ga janareto na ruri, ga lasifika. Wurin da aka gina nesa da gari don a samu duhu, Baba! Matarsa Hajiya Ramlatou tana rabon dambu da kilishi, Alhaji yana ta tambayata ko hasken ya isa, wai babban mutum ba a sallamarsa a duhu kamar ɓarawo. Na hango Sista tsaye bakin ƙofa, hannu a ƙirji. Na ce shi ke nan, mun kashe kanmu da kanmu. Fada kuwa yana zaune cikin babbar rigar da aka ɗinka masa, yana ta cin kilishinsa.

Ban san yaran sun haɗa baki ba. Oumaima, 'yar Alhajin mai shekara goma sha huɗu, ita ta kashe janareton ubanta. Sauran suka bazu cikin jama'a, suna roƙon iyaye da Hausar da ta sha Turanci su sa waya a aljihu. Suka bayyana dokar Fada: minti ashirin cikin duhu kafin ido ya buɗe. Alhaji ya fara faɗan kuɗin hayar janareto, Hajiya ta ce masa ya yi shiru, malamai na magana. Mutum kusan ɗari biyu suka zauna tsit, har jarirai suka ba da haɗin kai.

Sannu a hankali taurari suka fito. Wata tsohuwa daga Maraɗi ta nuna gabas tana salati, ta ce ga kaza da 'ya'yanta, rabonta da ganinsu tun da ta bar gida. Yaran suka jera manya a layi, kowa ya hau tsani ya ga tauraron Satun da zoben da ke kewaye da shi. Alhaji ya leƙa, ya sauko, ya zagaya gaban madubin ya duba ko hoto aka manna. Da ya tabbatar ba hoto ba ne, ya koma ƙarshen layi don ya sake gani.

Sista ta tambaye ni wa ya koya wa Oumaima saita madubin da hannu, abin da ɗalibanta na jami'a ke fama da shi. Na nuna mata tsohon da ke gyangyaɗi cikin babbar riga.

Jiya Sista ta kira ni ofis. Maraicen yara zai ci gaba, sau biyu a wata, ni ce mai riƙe mabuɗin ƙaramar ƙofa. Sharaɗinta ɗaya: a samu wanda zai riƙa tare motoci tun daga titi, a kashe fitilu. Baba, ka san wa ya karɓi aikin? Alhaji Soumaïla. Har ya sayi usur, ya kuma gargaɗe ni cewa ko motar Bishop ce ba zai ɗaga ƙafa ba.

Ka gaida Mama da su Nathan.

Taka har kullum,
Yemima