Tawul a Bakin Kaka

Litinin, 9 ga Oktoba

Na iso gida! Tun daga tashar jirgi nake cin karo da fuskata: a bangon gidan waya, a shagon aski, har a ƙofar shagonmu na awara, inda tururi ya kumbura mini hanci a hoton. "Chizuru Kumazaki za ta yi goge ranar Lahadi." Ni ce fa! A tsohon ɗakin wasan ƙauyenmu, inda ake kabuki, wasan kwaikwayonmu na gargajiya, tun kafin a haifi Kaka.

Babban labarin ma: Malama Hoshikawa, mai koya mini goge, za ta zo daga Tokyo. Ba ta taɓa taka ƙauyen wani ɗalibinta ba. Ita ce za ta zaɓi wanda za a tura Turai karatu baɗi, kuma daga wannan wasa za ta yanke shawara. Murna nake ko tsoro, oho.

Talata, 10 ga Oktoba

Na gwada goge a ɗakin. Wayyo daɗi! Katakon nan da ya sha shekaru yana mayar da sauti da ɗumi. Na yi ta tsalle ni kaɗai a kan dandamali da safa.

Da na dawo na tarar da Kaka gaban tukunyar waken suya yana gyaran murya. "'Yar mai awara! Ke muke jira!" Sai da murfin tukunya ya amsa. Shaf na manta cewa shi ne mai yi wa 'yan kabuki kirari daga layin baya, kuma in bai buɗe baki ba, ba mai motsi a ɗakin. Atisaye yake yi saboda ni. A gaban Malama, matar da ta taɓa korar ɗalibi don ya yi atishawa!

Laraba, 11 ga Oktoba

Na yi masa magana. Da wasa ya ɗauka.

"Kaka, wannan fa ba kabuki ba ne."

"To makoki ne?"

"Kiɗan Turai ne. Ba kirari, ba tafi a tsakiya, ko tari ba a yi."

"Ke da aka goya ki cikin ihun nan? Kina zanin goyo na daka kirari kika yi mini fitsari a baya don daɗi."

Na ce don Allah kada ya kunyata ni. Haka na ce, kunyata. Ya ajiye ludayi, ya daɗe yana goge hannu da tawul ɗin wuyansa. "Shirun har yaushe?" Na ce har a gama. Ya ce to.

Na kuma hana a ja labule, na hana buga katakan nan biyu da ake rufe wasa da su. Ba a haka a Tokyo.

Raina bai yi daɗi ba, amma ya zan yi?

Alhamis, 12 ga Oktoba

Kashi na uku na kiɗan ya zauna a yatsuna! Ya zauna!

Asabar, 14 ga Oktoba

Mama ta ce tun jiya Kaka yake bin gida gida yana gargaɗi: wanda ya yi ko uhum ranar Lahadi, ya nemi awararsa a wani gari. Na yi dariya har da riƙe ciki, daga baya na ga abin ba na dariya ba ne.

Malama ta iso da yamma. Ta cinye awarar da aka kawo mata ba ta ce komai ba. A wajenta wannan yabo ne.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ta ina zan fara?

Ɗaki ya cika maƙil, takalma jibge a ƙofa, tsofaffi zaune kan tabarmi da ƙunshin abincinsu a cinya, ba wanda ya kwance nasa. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Na ɗora goge a kafaɗa, sauran kuma kamar ba ni na yi ba. Duk abin da na shekara ina nema ya zo da kansa. Wurin da nake tuntuɓe kullum na wuce shi ina murmushi. Ban taɓa kiɗa haka ba, na rantse!

Na ja sautin ƙarshe, na sauke hannu. Shiru. Na rusuna. Shiru. Na sake rusunawa har gashina ya kusa taɓa ƙasa, suna dai kallona da ladabi. Gumi ya keto mini. Na ce a raina shi ke nan, ba su so ba.

Malama ta fara tafi ita kaɗai. Kafin ta yi na uku, Gwaggo Otsune mai sayar da tsimammen kayan lambu ta cafke mata hannu biyu. "Ke baƙuwa, kama kanki! Ba a tafi a nan, kiɗan Turai ne!"

A nan na gane. Ba a buga katako ba, ba a ja labule ba. A wajen mutanenmu ba a gama ba kenan, ko da za mu kwana.

Na hango Kaka can baya. Ya cusa tawul a baki, ya danne da hannu biyu, fuska ta yi jawur, hawaye na zuba. Ashe haka ya zauna tun farko.

Na manta da Malama, na manta da Turai. Na tako bakin dandamali na ce, "Kaka, an gama fa."

Ya zare tawul. "In yi?"

"Yi mana!"

"'YAR MAI AWARA! KE MUKE JIRA!"

Ɗakin ya tashi. Ihu, tafi, buga ƙafa, ana ta jefo mini 'yan ƙulle-ƙullen takarda da kuɗi a ciki kamar yadda ake yi wa 'yan wasa, ɗaya ya same ni a goshi. Ina kuka ina dariya da goge a hannu. Ban iya kallon wajen Malama ba.

Litinin, 16 ga Oktoba

Na raka ta tasha. Ba ta ambaci kiɗan ba ko kaɗan. Jirgi na tahowa ta ce, "Ke kika sa tsohon nan cin tawul?" Na sunkuyar da kai. Ta ce in fara neman rigar sanyi mai kauri, Turai ba ƙauyenmu ba ne.

Zan tafi! Zan tafi! A guje na koma gida. Muryar Kaka ta dishe, da hannu ya yi mini murna.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Tokyo. Yau na yi wasa a zauren makaranta. An yi tafi daidai inda ya kamata, an daina daidai inda ya kamata. Wai na daɗe tsaye ina kallon layin baya, har sai da aka yafito ni daga gefe. Fitila ce ta kashe mini ido.

Wasan bankwanata a Disamba ne, a babban zaure. Na kama wa Kaka kujera, ta baya ce kawai ta rage. Na kira shi ya yi ta tsokanata, wai zai zo da sabon tawul. Muka yi sallama ban gaya masa ya yi shiru ba. Mantawa na yi.

Ban sake kira ba dai.