Ƙusa a Cikin Ruwan Khal

Litinin, 4 ga Maris

Yau yaran garinmu Calama suka koma makaranta, ban da jikata Maite. Uwarta Ximena ta cire ta, wai a gida za ta koyar da ita, saboda 'yan ajinsu suna kwaikwayon in'inarta har ta daina buɗe baki. Shekararta bakwai. Mu a zamaninmu wa ba a tsokana ba? Ɗana Osvaldo yana can mahaƙar jan ƙarfe, kwana bakwai ciki bakwai waje, duk abin da matarsa ta ce sai ya ce to.

Alhamis, 7 ga Maris

Da shayin yamma, ina shafa fiya a burodi, Ximena ta jera mini abu uku a tebur. "Baba, kai ne masani. Wanne za mu bi na kimiyyar sinadarai?"

Na ɗaya: akwati mai ƙyalƙyali da ake aikowa duk wata daga Santiago, da gilashin ido na roba da hoton wani mahaukaci mai tsayayyen gashi. Na biyu: littafi mai kauri, hotuna zalla, ko gwaji ɗaya babu. Na uku: 'yan takardu da aka ɗinke da zare, wata Señora Eduvigis ta rubuta don iyaye mata. Kabeji, gishiri, ruwan khal, balan-balan.

Shekara talatin da takwas ina auna jan ƙarfe a ɗakin gwaje-gwaje, yau an kawo mini kayan miya. Na ce banza ce ta kori wofi, dukkansu a kai shara. Ni zan koyar da Maite.

Talata, 12 ga Maris

Na liƙa jadawalin sinadarai a bango. Ta haddace guda goma na farko kafin Juma'a. Tushe ake fara ginawa, ba fenti ba.

Asabar, 16 ga Maris

Matan ƙungiyar su Ximena ta masu koyar da yara a gida sun zo, su biyar. Wata mai ɗankunne kamar murfin tukunya ta ce ɗanta "yana gano duniya da kansa". Na leƙa, yana cin ƙasar tukunyar fulawata. Ta tambaye ni ko gaskiya ne sinadarai na da illa. Na ce ƙwarai, har wanda kike sha a kofin nan. Ta ajiye shayin.

Talata, 19 ga Maris

Maite ta tsaya a sinadari na huɗu. Bakinta ya kama harafin farko ya ƙi saki, be, be, be. Na ce sake. Na ce sake. Ban ɗaga murya ba, sai dai na buga tebur sau ɗaya da biro. Ta shige ƙarƙashin tebur ta ƙi fitowa har abincin rana ya huce.

Laraba, 20 ga Maris

Ximena ta same ni a tsakar gida. Ba ta taɓa yi mini magana a tsaye ba sai yau. "Baba, daga wajen masu ce mata sake na ɗauko ta. Ban kawo ta gida don ta tarar da wani ba." Na ce ilimi ba wasan yara ba ne. Ta ce, "Ita kuwa yarinya ce."

Ta cire jadawalina, ta naɗe shi da kyau, ta ajiye mini a kan gado. Naɗewar ce ta fi ba ni haushi.

Litinin, 25 ga Maris

Kwana biyar Maite ba ta gaishe ni ba. Gida ya cika da warin dafaffen kabeji. Sun koma ga takardun Señora Eduvigis, wai gwaji na mako biyu kafin a yanke shawara. Ina jiyo su daga falo, ruwa ya koma ja, ana tafi kamar an ci gasar ƙwallo. Ban shiga ba.

Alhamis, 28 ga Maris

Na karanta takardun a ɓoye, don in san girman ɓarnar. Shafi na tara ta rubuta "cokali ɗaya". Wane cokali? Na shayi ko na miya? Matar nan ko ma'aunin kanti ba ta taɓa riƙewa ba.

Talata, 2 ga Afrilu

Ina gyaran rediyo aka ja mini hannun riga. Maite ce, da kwalbar jam a hannu. Sun jiƙa guntayen tsohuwar wayar lantarki a ruwan khal da gishiri tun jiya, sun jefa ƙusa ciki. Ƙusar ta yi ja.

"K-k-kaka, Mama ta ce ba ta sani ba. Wa ya shafa mata fenti?"

Na ɗaga ƙusar a rana. Jan ƙarfe ne, siririn lulluɓi, tsaf. Haka tsofaffin ma'aikata suke fitar da shi daga ruwan mahaƙa da tarkacen gwangwani lokacin da na fara aiki, ina ɗan shekara goma sha tara. Na buɗe baki zan yi bayani yadda yake a littafi, sai na ga idonta ya fara komawa ƙasa. Na ce, ke me kike gani? Ta daɗe tana kokawa da kalmar. Na riƙe bakina, har da cizon harshe. Ta ce, jan ya fito daga waya ya yi iyo, ya ga ƙusa, sai suka yi musayar wuri.

Musayar wuri. Na horar da injiniyoyi masu digiri da suka kasa faɗar haka.

Na ce, to, ba laifi.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Osvaldo ya sauko daga aiki. A tebur ya ce, "Tsoho, an ce ka zama ɗalibin kabeji." Na ce wanda ya faɗi jarrabawar kemistiri sau biyu ya ci abincinsa shiru. Maite ta yi dariya har miya ta fito mata ta hanci.

Ximena ta sake tambaya, wanne za a bi. Na ce duka ukun shirme ne, amma na zaren ya fi sauƙin gyara. Ta ƙara mini nama.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Na bi takardun da jan biro, gyara goma sha bakwai. Yau mun yi na balan-balan, don kawai kada su zuba fiye da kima su ɓata bene. Na zuba hodar soda a ruwan khal, sai na ji an ce, "Kaka, ba ka share bakin cokalin ba. Sake." Ko gargada babu.

Na sake.

Da la'asar na kai tsohuwar farar rigata ta aiki wajen Doña Brunilda mai ɗinki, ta rage hannuwa da tsawo. Ta ce wa za ta saka, 'yar tsana? Na ce ta yi aikinta. Asu ne dama ke cinta a sif. Sunana da ke kan aljihu na ce ta bar shi, cirewa zai ɓata yadin.