Irin Kuɓewar Malam

Vaulx-en-Velin, 5 ga Afrilu

Zuwa ga Yayana Kamalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sahadatou da yara da duk mutanenmu na Sevran. Yaya gwiwar taka? Yaya kasuwa? Ni lafiya lau, sai godiyar Allah.

Yaya, takarda na rubuto maka domin a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, ni kuma da ka ɗaga murya sai kuka ya zo mini. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a lakkol, ban yi nisa a boko ba.

Ranar Laraba na fita takaba. Na ji abin da ka ce, wai mace ita kaɗai a hawa na bakwai, ba miji ba ɗa, gara ta tattara ta dawo gaban danginta. Na san ƙauna ce ta sa. Amma ba zan taso ba, saboda lambun mijina Malam.

Kai ka ɗauke shi wasa, ɗan filin da ƙungiyar unguwa ta ba shi, wanda bai fi ɗaki biyu ba. To kuɓewar da ke fita a wurin, mahaifiyarsa ce ta ƙulla masa irinta a tsumma a Tasawa, shekara goma sha shida ke nan. Shekarar farko tushe biyu kawai suka yi 'ya'ya. Kowace kaka yana ware wadda ta riga 'yan'uwanta nuna ya ajiye, har ta saba da gajeren zafin ƙasar nan. Tsohuwar ta rasu, shi ma ya bi ta. Irin nan babu shi ko'ina a duniya sai cikin gwangwanin madara a kicin ɗina. Ka ce kuɓewa tana nan jibge a kasuwar Château Rouge. Ka saya ka ci, Allah ya sa albarka, ba ita nake magana ba.

Ga alkawarina, kuma na sa Allah a ciki. Idan bana ban fid da sabon iri daga kuɓewar Malam ba, zan zo Sevran da ƙafata, ba sai ka aiko ba. Idan na fid da shi, ka ƙyale ni.

Har ma na fara. Shekaranjiya an kwana ana ruwa, na tona na ga ƙasa ta jiƙe fiye da kamu ɗaya, sai na shuke irin duka, yadda Inna ta koya mana, ruwan shuka ba a barinsa ya wuce. Wani tsoho mai lambu kusa da namu, Ilyes, mutumin Aljeriya, yana ta kaɗa kai yana magana. Ban tsaya ba. Kowa ya ga matar da mijinta ya mutu sai ya zama malaminta.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Mardiya


20 ga Mayu

Yaya Kamalu,

Sallama da gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan zazzaɓin ɗanka Salim ya sauka.

Zan faɗa maka da bakina kafin wani ya kai maka. Na yi ɓarna. Sati uku ina zuwa lambu safe da yamma, ko tsiro ɗaya ban gani ba. Da na tona da yatsa, sai na tarar irin ya ruɓe, ya yi laushi kamar dafaffen wake. Ashe ruwan Afrilu a nan ba damina ba ce, ƙasar tana nan da sanyinta kamar cikin firiji. Na zauna a gefen kunya na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Abin da ya fi ci mini rai, shekara da shekaru ina ganin Malam yana jera robobin yawut, nonon kanti, a taga, bisa ƙarfen ɗumama ɗaki, ina yi masa mita ya cika mini falo da ƙasa. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Ni dai tawa in zo lokacin ɗiba da kwando.

Ilyes ne ya same ni a haka. Ya ce: «Hajiya, na gaya miki, kika wuce ni kamar mai bara. Mijinki ba ya fid da ita waje sai Mayu ta raba. Ya ce kuɓewa gimbiya ce, ba ta taka ƙasa mai sanyi.» Na ce to me ya hana ka riƙe mini hannu? Ya ce yana son sauran haƙoransa.

Na dawo gida na zazzage gwangwanin. Cikin ƙullin tsohon tsumman na sami ƙwaya tara da suka maƙale. Na jiƙa su kwana ɗaya a ruwan ɗumi, na sa kowace a robarta, a tagar nan da nake yi wa mita. Shida sun fito.

Na san me za ka ce, don haka kada ka wahalar da kanka. Alkawarinmu bana ne, kuma bana ba ta ƙare ba.

Taka,
Mardiya


29 ga Agusta

Yaya,

Ina fatan kun isa gida lafiya, jirgin bai gajiyar da ku ba. Na gode da ziyara, na gode da kilishi da turaren. Allah ya bar zumunci.

Na bar ku kun tafi ban yi muku rakiya ba, kuma na san Sahadatou ta ga fuskata. Ka ba ta haƙuri, amma ka karanta mata wannan.

Tushe shidan nan, da gorunan roba na rufe su lokacin da na dasa, kamar jarirai. Biyu suka mutu, huɗu suka tashi har ƙirjina. 'Ya'yan farko guda bakwai na ɗaura musu jan zare, na bar su su ƙosa su bushe a jikin uwa, su ne irin. Ina can ina nuna maka yakuwa da gauta, Sahadatou kuma ta ga manyan kuɓewa za su wuce ci, ta ce a ranta Mardiya baƙin ciki ya sa ta sakaci, bari ta taimake ni. Ta tsinke su tas, ɗanyu, ta kawo mini a gefen mayafi tana murmushi. A garinmu duk macen kirki abin da za ta yi ke nan, na sani. Ban riƙe ta ba.

Kai na riƙe. Ka dube su ka yi dariya, ka ce to magana ta ƙare, Allah ya yanke hukunci, in fara ɗaure kaya. Yaya, a gaban lambun mijina ka faɗi haka. Kai ka goya ni ina ƙarama, ba zan yi maka rashin kunya ba, amma ka sani maganar ta yi mini zafi, kuma ba Allah ne ya tsinke su ba.

Ilyes ya ce waɗanda za su fito yanzu da wuya su ƙosa kafin sanyi. Da wuya ya ce, bai ce ba za su yi ba. Akwai fure biyar a jiki yau. Na ɗaura musu zare, na kuma daina ɗibar ko ɗaya, na cire sauran furannin don ƙarfin ya tafi gare su.

A shafa mini kan yara.

Mardiya


3 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya sanyi? Yaya iyali? Na ga kiranka har sau huɗu ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne, ina jiran in sami abin da zan faɗa.

Tsakiyar Oktoba aka ce sanyin da ke daskarar da raɓa zai sauka ranar Lahadi. Cikin biyar ɗin, biyu sun riga sun zube, uku suna nan, sun yi tauri amma ba su bushe ba. Idan na tsinke su ɗanyu ne, idan na bar su sanyi ya dafa su. Sai na tumɓuke tushen gaba ɗaya har saiwa, na naɗe su a tsohon zane, na shiga bas da su. Sun fi ni tsawo. Direba ya dube ni, na dube shi, ya ja motarsa. Na'urar hawa benenmu ta lalace a ranar, da ƙafa na kai su hawa na bakwai, ina hutawa a kowane bene. Na rataye su kai ƙasa a falo, kusa da ɗumi.

Sati biyu suna rataye. Ɗaya ta yi fumfuna, na jefar. Biyu suka bushe har suka tsage da kansu. Da na ɓare, wasu 'ya'yan farare ne marasa ciki, amma akwai baƙaƙe masu nauyi, sun kusa cika cokali biyu.

Ban yarda da idona ba, don ba na son in ci alkawari da ƙarya. Na ɗebi goma na sa cikin jiƙaƙƙen tsumma a wuri mai ɗumi. Kwana biyar ban buɗe ba. Yau da safe bayan na idar da salla na buɗe. Huɗu sun fasa, kowace da ɗan farin tsiro kamar haƙorin jariri.

Yaya, ban san lokacin da na juya na ce «Malam, zo ka gani» ba. Da ƙarfi na faɗa. Na daɗe a tsaye da tsumman a hannuna, sannan na share fuskata na zauna rubuta maka wannan.

Iri na ce zan fitar, kuma na fitar. Ba zan zo Sevran da zama ba, ba bana ba, ba baɗi ba. Na san za ka ce kaɗaici zai cinye ni. Yana cina, ba zan ɓoye maka ba, wani yinin ba na yin magana da kowa sai tsohon nan ta kan shinge. Amma ko na zo wurinku da shi zan zo, gara in zauna da shi a nan inda nake da aikin yi.

Ka kira ni ranar Juma'a, zan ɗauka. Ka gaida Sahadatou da kyau, ka ce mata na yi kewarta. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Malam da iyayenmu.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Mardiya